Yashi, Shara da Kifi: Nazari kan Sauyin Kogin Antau a Keffi

Kogin Antau, wanda ya ratsa garin Keffi, ɗaya ne daga cikin ƙananan kogunan jihar Nasarawa da ruwansu ke gangarawa kudu zuwa Binuwai, shi kuma Binuwai ya haɗu da Kwara a Lokoja kafin su nufi tekun Atilantika. A ilimin muhalli, wato nazarin dangantakar halittu da mazauninsu, ana auna lafiyar kogi ne da ruwansa da yashin gindinsa da ciyayin gaɓarsa da fadamun da yake shayarwa, domin kowannensu ya dogara da sauran. Rayuwar irin wannan kogi tana bin juyin shekara: daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwa yakan cika ya malala cikin fadama, inda kifaye ke yin ƙwai, da rani kuma ya janye ya bar kududdufai a tsakanin yashi.

Wannan juyi shi ne ya tsara halittun da ke kwarin Binuwai tun zamani mai nisa. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa kwarin ya samu ne fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, kuma abin lura ne cewa gaiwa da bargi, waɗanda masuntan Binuwai suka sani sarai, suna da dangi na kusa a kogunan waccan nahiya har yau. Gaiwa tana da huhu, kuma idan ruwa ya ƙafe takan binne kanta cikin laka ta yi watanni tana jiran damina. Tarwaɗa ma tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska da ita. Waɗannan kifaye sun gaji juriyar fari da ƙarancin iska, amma tarihinsu bai shirya su zama a kogin da aka kwashe gindinsa aka kuma raba shi da fadamarsa ba.

Tushen sauyin da ake gani yanzu shi ne bunƙasar gari. Komawar gwamnatin tarayya Abuja a 1991, da ƙirƙiro jihar Nasarawa a 1996, da kafa jami'ar jihar a Keffi a farkon shekarun 2000, sun jawo jama'a masu yawa zuwa hanyar da ta tashi daga Mararaba ta bi Masaka ta iso Keffi, kuma kowane sabon gida yana bukatar bulo, bulo kuwa sai da yashi. Saboda haka haƙar yashi ta zama sana'ar da ke ciyar da matasa masu lodi da direbobin tifa da masu buga bulo, amfanin da bai kamata mai nazari ya raina ba a inda aikin yi ya yi ƙaranci. Haka nan gine-gine sun matso bakin kogi, kwatoci da magudanai kuma suna kai masa ruwan wanki da leda da sharar kasuwa.

Idan aka ɗora dalilan nan biyu a ma'auni, shara ce ta fi bayyana ga ido, amma haƙar yashi ce ta fi zurfin illa. Ƙazantar da ke ruɓewa cikin ruwa tana cinye iskar oksijin, wadda kifi ke rayuwa da ita, sai nau'o'in da ke bukatar ruwa mai tsabta su ragu, masu juriya irin su tarwaɗa su rinjaya. Leda kuma tana toshe ƙarƙashin gadoji, ruwa ya koma cikin unguwanni da damina. Duk da haka, kogi yakan wanke kansa cikin 'yan damuna idan aka daina zuba masa datti. Yashi kuwa yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya taru, kuma idan aka kwashe fiye da abin da ruwa ke kawowa, gindin kogi yana zurfafa, gaɓa ta rasa madogara ta zube tare da gonar da ke kanta. Zurfafar gindin tana janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai rijiyoyin kusa su yi saurin ƙafewa, manoman rani su ƙara kuɗin mai wajen jawo ruwa, ambaliya mai amfani kuma ta kasa hawa fadamar da kifi ke hayayyafa a cikinta.

Tasirin yana bin ruwa har bakin teku. A yankin Neja Delta akwai mahaɗar ruwan daɗi da na gishiri, inda itatuwan da ke jure gishiri suke riƙe laka da saiwoyinsu, ƙananan kifaye da jatan lande kuma suke girma a tsakaninsu kafin su fita teku. Ƙasar wannan yanki an gina ta ne da yashi da lakar da Kwara da Binuwai suka kwaso daga arewa, kuma madatsun Kainji na 1968 da Lagdo na 1982 a Kamaru sun riga sun tare wani kaso na wannan kaya. Abin da Antau ke bayarwa kaɗan ne ƙwarai, sai dai ƙananan koguna irinsa suna da yawa a kwarin Binuwai, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kusa da garuruwa masu bunƙasa tifofi suna zirga-zirga a gaɓarsu.