Takardar neman aikin likita: a shirya ta tun daga gida

Kowace shekara samari da 'yan mata suna ƙare karatun aikin jinya a makarantun lafiya na Yamai da Damagaram, da sauran makarantu masu zaman kansu. Da yawa daga cikinsu ɗiyan manoma ne da makiyaya. Wani uban ya saida sa, wani ya saida damman hatsi, kafin ɗansa ya samu diplom. Amma diplom kaɗai ba ya ba mutum aiki. Sai an haɗa dosiye, watau tarin takardun neman aiki, an ajiye shi cikin lokaci.

Ga abin da aka saba tambaya: takardar roƙon aiki da mai nema ya rubuta da hannunsa, takardar haifuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kofin diplom mai hatimin hukuma, takardar likita mai shaida lafiyar jikinsa, da takardar gidan shari'a mai nuna ba a taɓa yanke masa hukunci ba. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a karɓarsu in sun wuce wata 3. Saboda haka kar a yi su da wuri ƙwarai, kar kuma a bari sai ranar rufewa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen suna. In takardar haifuwa ta ce Hadiza, diplom kuma ya ce Hadizatu, ko shekarar haifuwa ta bambanta, ana iya maido da dosiye. Kafin a gyara, lokaci ya wuce, sai jiran wani karo. A nan iyaye suke da babban aiki. Wanda ba a yi ma takarda ba lokacin haifuwarsa, uban ya tafi gidan shari'a da shaidu a yi masa wadda za ta tsaya a madadinta. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Sai takardar tarihin karatu da aiki. Sabon malamin jinya kan ce ba ya da abin rubutawa. Yana da shi. Ya faɗi likitocin da ya yi koyon aiki, wata nawa ya yi, da abin da hannunsa ya iya: allura, awon ciki, lamba ga yara, kula da masu tamowa. Ya faɗi harsunan da yake ji, Hausa ko Fulatanci, Zabarmanci ko Buzanci, don marar lafiya na karkara da harshensa yake faɗin ciwonsa. Shafi ɗaya ya isa. Kar ya ƙara abin da bai iya ba, gama ranar aiki ƙarya ba ta ɗaura allura.

Mai neman aiki wajen ƙungiyoyin agaji ya nemi katin ofishin samar da aiki na ƙasa, ANPE, don sukan tambaye shi. Kuma kar ya ƙi ƙauye. Tun 2006 da gwamnati ta yafe kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, uwaye sun ƙaru a likitocin karkara, can ne ake bukatar hannu.

Wani ya zo ya ce a ba shi kuɗi ya sa sunan yaro cikin waɗanda za a ɗauka, a kiyaye shi. Akuyar gida ta zauna a turkenta. Takarda cikakkiya ita ce ke yin magana a ofis.