Akwatin Binciken Mota a Unguwar Kilomita Biyar

Unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen gari ke kira PK5 ko KM5, tana cikin gunduma ta uku ta birnin Bangui, hedkwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ta samu sunanta ne daga nisan da ke tsakaninta da tsakiyar birni. Nan ne babbar kasuwar garin take, kuma nan ne Hausawa da Fulani da 'yan asalin Chadi da sauran Musulmi 'yan kasuwa suka fi yawa. Rikicin 2013 da 2014 ya kori da yawa daga cikinsu, amma kasuwar ba ta mutu ba. A wannan makala za mu duba wani sabon abu da ya shigo sana'ar kanikanci a irin wannan wuri, wato binciken injin mota da kwamfuta, mu kuma lura da kalmomin da suka biyo shi.

Ƙasar ba ta da teku. Galibin motoci da kayan gyaransu suna sauka ne a tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru, sannan su yi tafiyar fiye da kilomita 1,400, su ƙetare iyaka a Garoua-Boulaï, su bi ta Bouar da Boali kafin su iso Bangui. Daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 'yan tawaye sun tare wannan hanya, manyan motoci suka yi makonni a bakin iyaka, kaya suka yi tsada. A wurin da ƙaramin ƙarfe ke yin irin wannan tafiya kafin ya zo hannu, kuskuren bakanike ba ƙaramar asara ba ce ga mai mota.

Da can bakanike yana gane ciwon mota da kunne da hanci da hannu. Yakan saurari ƙarar inji, ya kwance fulogi ya dubi launinsa, ya wanke kafireta. Motocin yau ba su da kafireta. Akwai wata ƙaramar kwamfuta da ke auna iskar da ta shiga inji, ta ƙayyade yawan man da za a fesa, ta kuma tsayar da lokacin da wuta za ta tashi a fulogi. Injin fetur yana son kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na mai. Kwamfutar tana samun labari daga wasu ƙananan na'urori da ake kira sensa, waɗanda aka dasa a wurare dabam-dabam: ɗaya na auna zafin ruwa, ɗaya na ƙirga juyin inji, ɗaya kuma yana cikin salansa yana sansana hayaƙi. In wani labari ya saɓa wa abin da take tsammani, sai ta kunna fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba, ta kuma ajiye wata lamba a cikinta.

Ba don kanikawa aka fara wannan tsari ba. Hukumomin Kalifoniya ne suka matsa a kansa saboda gurɓatar iska, daga nan Amurka ta wajabta tsarin da ake kira OBD-II a kan ƙananan motoci daga 1996. Tarayyar Turai ta bi sahu, motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Saboda haka kusan duk motar Turai da aka riga aka yi amfani da ita, in ta iso Bangui, tana da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Rami na 16 yana kawo wuta daga batir. Na 6 da na 14 su ne hanyar magana ta tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Tsofaffin motoci da yawa ta rami na 7 suke magana. Nan ake cusa wayar, ɗaya bakin kuma a haɗa shi da kwamfutar hannu ko wayar salula mai ɗauke da manhajar bincike.

Ku lura da sunayen. Kanikawan Nijeriya suna ce wa kwamfutar motar ƙwaƙwalwa, suna fassara abin da abokan aikinsu ke faɗa da Ingilishi, aikin kuma su ce sikanin. Inda Faransanci ke da ƙarfi kuwa, kamar Bangui da Maraɗi, ana ce wa na'urar binciken “valise”, wato akwatin tafiya, domin na'urorin farko da manyan gareji ke amfani da su a cikin akwati suke zuwa. Yau abin bai fi kwalin ashana girma ba, amma sunan bai canja ba. Wannan rabuwa tsohuwa ce a Hausa: wanda ya ce fetur da fulogi ya aro daga Ingilishi, wanda ya ce isansi da buji ya aro daga Faransanci. Ita kanta kalmar bakanike abin sha'awa ce. Hausa ta ɗauki kalmar Bature, ta mai da farkonta “ba-” irin na Bakano da Bakatsine, shi ya sa jam'inta ya zama kanikawa.

To, me akwatin ke faɗa? Lambar tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P yana nufin inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu da makamantansu, U kuma wayoyin da kwamfutocin motar ke magana da juna ta cikinsu. In alƙalamin farko 0 ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, ma'anarta ta kamfanin da ya ƙera motar ce. Misali, P0300 na nufin wuta tana fashi a silinda, ba a ɗaya takamaimai ba. P0171 kuma na nufin iska ta yi wa mai yawa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma nan ne kuɗi ke zubewa. Lambar tana bayyana abin da kwamfutar ta gani ne kawai, ba ta ambaci ƙarfen da za a saya ba. Mu ɗauki P0171. Tana iya fitowa don wani tiyo ya tsage iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ko don jar ƙurar hanya ta rufe sensar da ke auna iska, ko matatar mai ta toshe, ko famfon mai ya yi rauni. A garin da ake sayar da mai a kwalba a bakin titi, toshewar matata ba baƙon abu ba ne. Sensar da ke cikin salansa ita ce ta kai rahoto, shi ya sa wanda bai ƙware ba yakan ce ita ta lalace. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami a Kano. Wani yaro mai kwamfuta ya duba motata, ya ce sensa ce, na biya aka sa sabuwa. Bayan kwana uku fitila ta dawo. Wani dattijon bakanike ya ɗaga murfin inji, ya kasa kunne, ya ji iska na feɗuwa daga wani tiyo da bai fi yatsa kauri ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda ya iya aikin ba ya tsayawa kan lamba. Manhajar tana nuna abin da kowace sensa ke faɗa a lokacin da inji ke aiki. In ya ga zafin ruwa ya ƙi kaiwa wajen digiri 85 zuwa 95, sai ya yi zargin an cire abin da ke tsare ruwa daga lagireto har inji ya ɗumama. Kanikawa da yawa a ƙasashe masu zafi suna cire shi da kyakkyawar niyya, amma kwamfutar sai ta ɗauka inji bai yi zafi ba, ta yi ta ƙara mai.

Akwai kuma batun share lamba. Da danna maɓalli ɗaya fitila za ta mutu, ciwon kuwa yana nan. Dillalan mota sun san wannan. Sai dai sharewar tana barin sawu: gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta suna komawa matsayin waɗanda ba a kammala ba, sai motar ta yi tafiya, kuma motoci da yawa suna nuna kilomita nawa aka yi tun da aka share. Mai sayen mota da ya ga kilomita 4 a wurin ya san abin da zai tambaya.

Wayoyin ma ba ɗaya ba ne. Mafi araha su ne masu ɗauke da sunan ELM327, ƙirar wani ƙaramin kamfani na Kanada mai suna Elm Electronics. Yawancin waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne daga ƙasar Sin, har wasu suna rubuta samfuri na 1.5, wanda kamfanin bai taɓa fitarwa ba. Suna karanta lambobin inji na gama-gari. Don shiga birki ko giya ko makulli, sai manhajar da ta san yaren kamfanin: Techstream ga Toyota, Diagbox ga Peugeot da Citroën, VCDS ga Volkswagen.

Abin da ya fi haɗari shi ne rubutu a cikin ƙwaƙwalwar, ba karatu ba. A Turai masu son gudu ne ke canja lissafin mai don ƙarin ƙarfi. A Afirka dalilin yakan bambanta. Tun 2009 dizal ɗin Turai bai wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta ba, kuma a kan irinsa aka ƙera matatar hayaƙin motocinsu. Dizal ɗin ƙasashen Afirka da dama ya fi haka farar wuta nesa ba kusa ba, ga kuma gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, sai matatar ta toshe, motar ta rage wa kanta ƙarfi. Sai a cire matatar, a kuma gyara manhajar don kada ta nemi ta. Motar za ta tashi, amma baƙin hayaƙin da aka ƙera matatar don ta tare, yanzu masu talla a bakin titi ne za su shaƙe shi. Ban ga yadda za a kira wannan gyara ba, ko da yake na fahimci direban da iyalinsa ke jiran abin da motar za ta kawo. Shi kansa rubutun yana son wuta tsayayya. Lantarkin Bangui galibi daga madatsar ruwa ta Boali yake zuwa, kuma yakan ɗauke. In kwamfutar hannu ta mutu ko batir ɗin mota ya yi sanyi ana tsakiyar aiki, ƙwaƙwalwar na iya zama ba ta tsohon lissafi ba ta sabo, motar ta ƙi tashi sam. Wata kuwa sai an aika Duwala, in ta zo a sake daidaita ta da makullin motar.

Wannan na cikin dalilan da suka sa masu zuwa ƙauyuka ke riƙe da tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, wadda famfonta na dizal ke aiki ba da kwamfuta ba. In ta tsaya a daji tsakanin Bouar da Bangui, sifana da sukundireba sun isa a fara neman ciwon.