Ana Muzuru Ana Shaho

Kaza takan kwanta kan ƙwai kwana 21, ba ta tashi sai don ta ɗan yi tsince ta sha ruwa. Ranar da ta fito da 'yan tsaki goma sha biyu a bayanta, ta rame, gashin ƙirjinta ya zube, amma tafiya take ta isa. A gidan kakata na ga irin wannan fitowa sau da yawa, na kuma ga yadda sha biyun nan kan koma huɗu kafin wata ya zagayo.

Da rana daga sama bala'in yake zuwa. Shirwa, mai wutsiya kamar bakin almakashi, ba ta ɓuya: shawagi take yi a kan mayanka da juji, tana bin gobarar daji don fara, in ta hango ɗan tsako ya ware sai ta kawo sura. Shaho ya fi ta wayo. Yakan lafe cikin darbejiya ko tsamiya, ya yi shiru har tsakar gida ta manta da shi. Akwai kuma hankaka, wanda ake yi wa kirari da mai da ɗan wani naka; ƙwai da sabon ƙyanƙyasa duk nasa ne. A tatsuniyar da ake yi a sassan Afirka da dama, wai kaza ce ta ari allurar shirwa ta ɓatar, shi ya sa har yau take tone-tone, ita kuwa shirwa tana karɓar bashinta ɗa bayan ɗa.

Masu cewa kaza ba ta da wayo ba su zauna sun kalle ta ba. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk kewayenta, kuma in ta karkace kai ta ɗaga ido ɗaya, sararin sama take dubawa. Kukan da zakara kan yi in abu ya gifta ta sama daban yake da wanda yakan yi in maƙiyi ya biyo ƙasa. Na farko siriri ne mai ja, da jinsa 'yan tsaki sai su ruga ƙarƙashin rumbu ko su maƙale wuri ɗaya kamar an dasa su. Na biyun kyarkyara ce mai tayar da gida. Na taɓa ganin uwa ta baza fukafukai ta yi tsalle ta tari shirwa a iska, ƙura ta tashi, shirwar ta wuce hannu rabbana.

Da dare kuwa jarumtar nan ba ta da amfani, domin kaza ba ta gani sosai a duhu. Muzuru ya hauro katanga, tunku ya kutso ta ƙaramar kafa, gafiya ta haƙo ta ƙasa, maciji ya sulalo neman ƙwai. A nan ne nake jin zafin yadda muke fakewa da karin maganar nan, wai zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma ba a ce a bar akurki a buɗe ba.

Kakata ba ta barin sabbin 'yan tsaki su yi yawo sai sun yi gashin fiffike. Babban kwando take kife su da shi tare da uwarsu a inuwa, ta zuba musu tsaki da gara, ta sa ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki don kada su nutse. Wasu matan kan shafa musu shuni, wai don su rikita idon shirwa. Akurkin kakata a kan duwatsu yake, sama da ƙasa, ta liƙe kowace ɓaraka da laka. Yanzu wayar raga mai ƙananan ƙofofi ta sauƙaƙa wannan aiki. Kakata ba ta barin ragowar dusa ta kwana a waje, don ita ke kiran ɓeraye, maciji kuma ya biyo su.

Ana kiran magariba za ta tsaya a bakin akurkin tana ƙirga su da ɗan yatsa. In lissafi bai cika ba, sai ta miƙo mini tocila ta ce, "Maigida, je ka duba bayan rumbu." Sai na dawo da ɗan tsakon da ya ɓata a tafin hannu, zuciyarsa tana bugawa da sauri, sannan ta tura murfin ta danne shi da dutse.