Gadon Amarya da Injin Mota

Ranar jeren ƙanwata a Dutse, gadon da kafinta ya kwashe sati uku yana yi ya ƙi shiga ƙofar ɗaki. Kafinta bai yi ha'inci ba, magini ma haka. Kowa ya yi aikinsa tsaf, sai dai ba su taɓa haɗuwa ba. Da guduma aka fasa gefen ƙofar, gwaggonni na tsaye a rana da kwalla a ka. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Haka kamfanonin mota suka daɗe suna ƙera inji. Mai zane ya gama ya miƙa wa masu zubin ƙarfe, su kuma su miƙa wa masu gwaji. Sai a can za a gane fistin yana zafi fiye da kima, ko injin ya ƙi zama a mazauninsa. A dawo baya, watanni sun wuce, kuɗi sun bi ruwa.

Da Toyota ta tashi ƙera Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, jagoran aikin, Takeshi Uchiyamada, ya tara ƙwararrun sassa daban-daban a ɗaki guda, kowa yana ganin aikin ɗan'uwansa tun yana ɗanye. Obeya suke kiran wurin, wato babban ɗaki. Mu da zaure za mu ce.

Ɗaya dabarar ta fi burge ni. Kafin a narka ƙarfe ko ɗaya, sai a gina injin da lissafi a cikin kwamfuta: yadda iska ke gauraya da mai, lokacin da filogi zai ba da wuta, inda zafi zai taru. Ƙwaƙwalwar motar ma, wadda bakanikenmu ke cewa birenbos, ana jona ta da wannan injin na lissafi, ta yi ta aiki kamar tana hanyar Shuwarin da azahar a watan Afrilu. In ta yi kuskure, lambobi ake gyarawa, ba inji ya ƙone ba. Amma fa in awon farko ya karkace, kwamfuta za ta bi shi a karkace, shi ya sa dole a ƙarshe a tayar da injin gaske a saurare shi.

Da auren autarmu ya zo, ni na ɗauko kafinta a babur na kai shi ɗakin tun ba a sa ƙofa ba. Ya tarar da magini a ciki, suka auna faɗin da karan dawa, suka karya shi daidai, ya tafi da shi shago.