Zaɓen Taya ga Mota Mai Jan Tirela a Ƙasar Duwatsu

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyuka da ke ratsa duwatsun Zuru cikin watan Agusta ya san yadda jar ƙasa ke zama in ta sha ruwa. Santsinta sai ka ce an zuba kuka. Mota ita kaɗai ma da ƙyar take hawa, balle wadda aka ɗaura wa tirela cike da buhunan dawa. Hawan ma da sauƙi. A gangare ne abin tsoro yake, gama tirelar ita ke tunkuɗa motar daga baya, in kuwa tayoyin baya suka saki ƙasa, sai mota da tirela su naɗe kamar wuƙar aljihu.

Turawa da ke zaune a duwatsun Alps suna da irin wannan wahala, sai dai tasu ta dusar ƙanƙara ce. Saboda haka suke amfani da taya ta musamman, mai roba mai laushi wadda sanyi ba ya sandarar da ita, aka zana mata hoton dutse mai kai uku a gefe. Wani lokaci har sarƙa suke ɗaura mata. To, ga inda zancen ya shafe mu: irin waɗannan tayoyi sukan shigo kasuwanninmu cikin 'yan gwanjo, mai saye ya ga zanensu da zurfi, ga araha, ya ɗauka ya yi tsintuwa. Alhali robar da aka yi domin sanyi ba ta jimre zafin kwaltarmu na bazara, nan da nan take cinyewa. A ganina kuɗin da aka ba da a kanta asara ne.

Abin da ya kamata mai mota ya fara dubawa shi ne nauyi. Kowace taya an rubuta mata lambar kayan da za ta iya ɗauka. Lamba 100 tana nufin kilo 800, lamba 121 kuwa kilo 1,450. A tuna kuma, wani kashi na nauyin tirela a kan tayoyin bayan motar yake sauka, don haka ba a lissafa nauyin mota kaɗai.

Sa'an nan a dubi shekarunta. Akwai lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da a ɗaki aka ajiye ta, in an ga ta fara tsattsagewa a gefe, a bar wa mai ita kayansa.

Zane kuwa, a nemi mai manyan haƙora masu tazara, wanda ke tofar da taɓo in taya ta juya. Ƙananan zane laka ke cike su, taya ta koma sumul. Kada a haɗa iri biyu dabam a hagu da dama, lalle su zama ɗaya. Iska kuma da sassafe ake gwada ta, kafin taya ta yi zafi, har da ta tirelar, wadda direbobi suka cika mancewa da ita sai ranar da ta fashe a tsakiyar gangare.