Daga Acropole Zuwa Amarat: Yadda Fitilun Unguwar Baƙi Suka Mutu A Khartum

Idan aka ambaci Khartum a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne tsohuwar hanyar Makka ta ƙasa, da ɗalibanmu da ke zuwa karatu Jami'ar Afirka, sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Ba kowa ya san cewa a tsakiyar wannan birni an taɓa samun wata unguwa ta otal-otal da mashaya da gidajen rawa da gidajen cin abinci na baƙi, wadda ba ta barci sai gab da asuba ba. Yaƙi ne ya ƙarasa ta, amma ta daɗe tana jinya kafin a harba harsashin farko.

Khartum gari uku ne a haɗe, a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gamu, wato Khartum ɗin kanta, da Bahri, da kuma Omdurman. Omdurman ita ce birnin Mahadi, garin 'yan ƙasa, mai gidajen laka da babbar kasuwa da zawiyoyi. Ita kuwa Khartum, Turawan Ingila ne suka sake gina ta bayan da Kitchener ya ci mabiya Mahadi a yaƙin Karari a watan Satumban 1898, suka shata mata tituna miƙaƙƙu, suka jera ofisoshinsu da gidajensu a bakin kogi. Hatta kasuwa biyu aka yi, akwai Suk al-Arabi ta 'yan ƙasa, akwai Suk al-Afranji, wato kasuwar Turawa. Mutumin Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin ya san bambancin cikin birni da Nasarawa da Sabon Gari.

Sai dai su Ingilishi mulki suka zo yi, ba tallar abinci ba. Suna da Grand Hotel a bakin kogi tun farkon ƙarni na 20, suna da kulob ɗinsu, Sudan Club, wanda ɗan ƙasa ba ya shiga sai in aiki ya kai shi. Waɗanda suka riƙe harkar ci da sha su ne Girkawa da Armeniyawa da Italiyawa da mutanen Sham, irin waɗanda muke kira Kwarori a nan. Girkawa kaɗai sun kai wajen 6,000 a shekarun 1950, suna da cocinsu da makarantarsu da kulob ɗinsu. Su ke da kantunan kayan gwangwani da gidajen burodi da shagunan barasa a titin Jamhuriya da kewaye. A dandalin da har yanzu ake kira Atanye, sunan wani gidan shayi ne na Girkawa ya bi wurin. Gidan rawa na Gordon da na St James su ne suka yi tashe, ga silima irin su Coliseum, ga kuma kamfanin giya na Blue Nile a Bahri da ke yin wata giya mai suna Camel. A irin waɗannan wurare ne mawaƙa kamar Sharhabil Ahmad, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, suka goge da jita da kayan busa na zamani.

A cikin duk waɗannan wurare babu wanda labarinsa ya kai na otal ɗin Acropole da ke titin Zubair Fasha, domin shi ne ya ga farkon abin ya kuma ga ƙarshensa. Wani Bagirke mai suna Panaghis Pagoulatos, mutumin tsibirin Kefaloniya, shi ya buɗe shi a 1952 da ɗakuna goma. Kafin nan mashaya yake da ita daura da fadar Gwamna-Janar, aka rufe ta saboda hayaniya ta hana manya barci. Bayan rasuwarsa a 1967 matarsa da 'ya'yansa uku maza suka ci gaba da riƙon otal ɗin, tare da shagon barasa.

Bugun farko ya zo ne daga Ja'afar Numairi, wanda ya ƙwaci mulki a watan Mayun 1969. Shekara guda bayan nan ya mayar da bankuna da manyan kamfanonin baƙi hannun gwamnati, irin su Barclays da Gellatly Hankey da Mitchell Cotts. Iyalai da yawa na Girkawa da Armeniyawa, wasu a Sudan aka haifi iyayensu, suka tattara ya nasu ya nasu suka bar ƙasar. Duk da haka harkar dare ba ta mutu ba, har ma an buɗe otal ɗin Hilton a 1977 kusa da mahaɗar kogunan.

A watan Satumban 1983 ne Numairi ya ayyana dokokin Shari'a, waɗanda 'yan Sudan har gobe ke kira dokokin Satumba. Da kansa ya fito bakin kogi ya jagoranci fasa kwalabe, aka tuttular da barasa ta miliyoyin daloli cikin Nilu. Cikin 'yan kwanaki mashaya duk suka rufe, kamfanin giya ya tsaya, gidajen rawa suka zama kango ko ɗakunan ajiya. Mun ga makamancin haka a Kano bayan shekarar 2000, inda Hisba kan tara kwalabe a murƙushe su a bainar jama'a, amma bambancin shi ne a Kano Sabon Gari ta ci gaba da harkarta, a Khartum kuwa ba a bar ko lungu ɗaya ba. Ni dai ban ga Musulmin da zai zubar da hawaye don kwalba ta fashe ba. Abin da ya kamata a duba shi ne a kan wa nauyin ya faɗa. Baturen da ke da katin diflomasiyya bai rasa abin shansa ba, ofishin jakadancinsa na shigo masa da shi. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne matan da yaƙin kudu da fari suka koro zuwa gefen Omdurman, waɗanda ba su da sana'a sai dafa arki na dabino da marisa, wadda ita ce burkutunsu. Su aka riƙa yi wa bulala arba'in, su suka cika gidan yarin mata na Omdurman, da yawansu ma ba Musulmi ba ne.

Shi kuwa Acropole, da barasa ta ƙare sai yunwa ta kawo masa sababbin baƙi. Farin 1984 da 1985 ya jawo ƙungiyoyin agaji da 'yan jarida daga ko'ina, kuma otal ɗin ya zama ofishinsu, saboda masu shi sun san ƙofar da ake bi a sami takardar izinin tafiya, sun san inda za a samo mota da mai a lokacin da babu. Wannan suna ne kuma ya jawo masa bala'i. Ranar 15 ga Mayun 1988 'yan ƙungiyar Abu Nidal suka jefa bam a ɗakin cin abincinsa, mutum bakwai suka mutu, biyar 'yan Ingila ciki har da yara biyu, biyu kuma 'yan Sudan. A daren ne kuma aka buɗe wuta a Sudan Club. Iyalan Pagoulatos suka gyara wuri suka sake buɗewa. Shekara guda bayan nan Umar al-Bashir ya hau mulki, dokar tsarin jama'a ta Khartum ta biyo baya a 1996, Amurka kuma ta ƙaƙaba takunkumi a 1997. A shekarun nan tsakiyar Khartum kan yi tsit tun bayan sallar isha'i.

Daga baya sai man fetur ya farfaɗo da harkar, amma a wani wuri dabam kuma da wata kama dabam. An fara fitar da mai a 1999, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da kudu a Janairun 2005, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rundunar UNMIS, rikicin Darfur kuma ya jawo ɗaruruwan ma'aikatan agaji da rundunar UNAMID, wadda Janar Martin Luther Agwai na Najeriya ya fara jagorantar sojojinta, daga bisani Farfesa Ibrahim Gambari ya shugabance ta. Ga 'yan Sin da Malesiya da Indiya a harkar mai, ga Turkawa da 'yan Labanan a kasuwanci. Duk waɗannan mutane na buƙatar wurin kwana da wurin ci, sai suka nufi unguwannin da ke kusa da filin jirgi, wato Amarat da Khartum 2 da Riyad. Masu gidaje suka koma karɓar haya da dala. Fararen motoci masu tambarin UN suka cika tituna. Aka buɗe Ozone a kan wani shataletale a Khartum 2, inda ake fesa raɓar ruwa don rage zafi, ga Solitaire a Amarat, ga Assaha ta 'yan Labanan, ga kantin Afra da Turkawa suka gina a 2004, ga otal ɗin Rotana, ga kuma dogon benen nan da Libiya ta gina a 2008 wanda mutanen gari suka raɗa wa suna ƙwan Gaddafi.

Babu barasa a kan teburin ko ɗaya daga cikinsu, sai gahawa da lemo da askirim. Mai neman abin sha sai dai ya san wani a ofishin jakadanci, ko a gayyace shi liyafar daren Alhamis a saman bene bayan an kulle ƙofa. Amma wuraren sun ɗauki ma'aikata ba kaɗan ba: kuku da masu kai abinci, galibi 'yan Habasha da Eritiriya da 'yan kudu, da masu gadi da direbobi da masu wanki da masu kawo kayan miya. Sannan 'ya'yan masu hali na Khartum su ma sun mayar da su wurin haɗuwa, har ta kai wani lokaci sun fi baƙin yawa.

Wannan zamani bai yi nisa ba. A daren shiga shekarar 2008 aka harbe wani jami'in agaji na Amurka, John Granville, tare da direbansa Abdurrahman Abbas, suna dawowa daga liyafa, daga nan ofisoshi suka fara taƙaita fitar ma'aikatansu da dare. A watan Maris na 2009 kotun duniya ta ba da sammacin kama al-Bashir, shi kuma ya mayar da martani da korar ƙungiyoyin agaji 13 na ƙasashen waje a lokaci guda. Ranar 9 ga Yulin 2011 kudu ta ɓalle da kashi uku cikin huɗu na man, UNMIS ta naɗe tabarmarta, 'yan kudu da ke aiki a gidajen abincin suka wayi gari baƙi a garin da aka haife su. Kuɗin ƙasar da a 2007 ake canza fam biyu da 'yan kai a kan dala ɗaya, ya yi ta zubewa har gwamnati da kanta ta mayar da shi fam 375 a Fabrairun 2021. Mai gidan abincin da ke sayo cuku da gahawa daga waje da dala, yana sayarwa da fam, ba sai an tambaye shi yadda yake ciki ba.

An ɗan yi tsammanin sauyi bayan faɗuwar al-Bashir a Afrilun 2019. An soke dokar tsarin jama'a a Nuwamban shekarar, a Yulin 2020 kuma aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba kan shan barasa a keɓe. Babu mashayar da ta dawo titin Jamhuriya, amma jakadu da ƙungiyoyi sun fara komowa, kafin juyin mulkin Oktoban 2021 ya sake tsayar da tallafin waje.

Da yaƙi ya tashi tsakanin soja da dakarun RSF, unguwannin baƙin ne suka fara shiga tsakiyar wuta, domin suna maƙwabtaka da filin jirgi da hedikwatar soja. Cikin mako biyu aka kwashe jakadu da iyalansu, wasu da jirage masu saukar ungulu, wasu ta filin jirgin soja na Wadi Sayyidna a arewacin Omdurman, wasu ta Port Sudan. Ɗalibanmu sun sha tasu wahalar a motocin safa da kan iyakar Masar kafin a kawo su Abuja. Iyalan Pagoulatos, waɗanda ba su rufe ƙofa don Numairi ko don bam ba, su ma sun fita, Acropole ya rufe bayan shekara 71. Mayaƙa suka tare a gidajen Amarat da Khartum 2, aka wawashe kaya. Sa'ad da soja suka sake karɓe fadar shugaban ƙasa a watan Maris na 2025, abin da aka tarar a tsakiyar birnin shi ne ƙonannun benaye da kantuna babu ƙofofi, an yashe har wayoyin lantarki.

A tsallaken kogi labarin ya ɗan bambanta. Omdurman ba ta taɓa dogara da albashin baƙo ba. Abin da ta sani shi ne soyayyen kifi a Maurada, da gasasshen nama a kasuwar Kandahar, da wake a kwano ɗaya, da matan da ke dafa shayi a gindin bishiya. Su kansu Turawan nan can suke zuwa da yammacin Juma'a kallon zikirin Hamad al-Nil. A wannan ɓangare 'yan'uwanmu Hausawan Sudan suna da hannu dumu-dumu, domin naman da duk Sudan ke kira agashe, tsiren nan namu ne da yaji da ƙuli-ƙuli, sunan ma daga bakinmu ya fito. Kuma A'isha al-Fallatiyya, macen da ta fara rera waƙa a Rediyo Omdurman a farkon shekarun 1940, 'yar asalin Hausa ce. Ita ma Omdurman ta sha ruwan wuta, tsohuwar kasuwarta ta ƙone, gidan rediyon ya zauna a hannun RSF har zuwa Maris na 2024. Amma a unguwannin arewacinta, inda jama'a suka yi gudun hijira, matasa sun kafa takaya, wato tukwanen sadaka na unguwa, suna dafa wake da adas da kuɗin da 'yan'uwa ke turowa daga waje ta waya. Ko a lokacin da ake tsaka da luguden wuta, kasuwar Sabrin da ke Karari tana ci, masu shayi da masu tsire suna kasa kayansu, alhali Amarat babu kowa sai masu bindiga.