Darasin gida da lafiyar jiki: duka biyun kamar adashi ne

Da zarar an koma lakwal a watan Oktoba, wata magana kan shiga hirar rumfuna, daga kasuwar Dole ta Damagaram zuwa babbar kasuwar Maraɗi har Katako ta Yamai: wane malami za a ɗauka ya riƙa yi wa yara darasin gida, wanda ake ce wa kur? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Azuzuwa sun cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya bin kowane yaro. Sannan ko da yake a shekarar 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, har yanzu da Faransanci ake rubuta jarrabawar BEPC da BAC, harshen da iyaye da dama ba su karantawa.

Nan ne ɓacin rai ke farawa. Uwa tana rumfa tun safe har magariba, ba ta san ko malami ya zo ko bai zo ba. Wani malamin gida huɗu yake zagayawa a yamma guda, ya iso a gajiye, ya yi rabin awa ya tashi. Wani kuma, maimakon ya koya wa yaro, sai ya yi masa aikin da aka ba shi a aji. Littafi ya yi kyau, kan yaro babu kome. Ga ɗaukewar wuta a watannin zafi na Afrilu da Mayu, daidai lokacin da jarrabawa ke matsowa.

Malaman ma suna da nasu kuka. Wata ya ƙare a ce musu kasuwa ba ta ci ba, su dawo jibi. A yi ciniki kan yaro ɗaya, a tara musu uku har da ɗan maƙwabta. Ana tsakiyar lissafi a aiki yarinya sayo gawayi ko kai abinci kasuwa. Mafi muni, wasu iyaye sai saura wata ɗaya jarrabawa suke neman malami, suna son ya gyara ɓarnar shekara uku.

A yi lissafi irin na ƴan kasuwa. A ce jika 10 ake biya a wata: daga Oktoba zuwa Yuni jika 90 ke nan. Wa zai zuba jika 90 a haja bai taɓa leƙa buhun ba? Ko wadda ba ta yi lakwal ba tana iya sa ido. A tsaida ranaku da awa tun farko. A ajiye ɗan littafi malami ya riƙa sa hannu duk zuwa. A sa yaro ya bayyana da Hausa abin da ya koya, domin wanda ya gane zai iya faɗi. In an ba da sakamakon aji, a gwada shi da na baya. Kuma a biya malami kan lokaci, a daina aiken yaro lokacin darasi.

Irin wannan jinkirin ne iyayen ke yi wa jikinsu. Zaman rumfa na yini guda, soye-soye, lemun kwalba, shayi mai sukari da yawa, tafiya ko ta kusa sai a kan kabu-kabu: a hankali jiki ya yi nauyi, gwiwa ta fara ciwo, numfashi ya riƙa sarƙewa. Sai ranar da aka auna a asibiti aka ce hawan jini ne ko ciwon sukari, sannan hankali ya tashi. Wasu su ruga sayen shayin rage ƙiba da babu wanda ya san abin da ke ciki, wasu su ƙaurace wa abinci kwana uku, su gaji su koma gidan jiya. Sannan ga baki: mace ta fara ramewa a ce ko maigida ya daina ba ta abinci.

Alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta bai fi ƙarfin kowa ba: aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar, da gishiri ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi. A Yamai mutane kan yi tattaki a kewayen filin wasa na Seyni Kountché, amma hanyar gida zuwa kasuwa da sanyin safiya ma ta isa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara neman shawarar likita, kuma kada ya bar maganinsa.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin adashi: wanda bai yi zubi ba, ba ya kwasa. Karatun yaro da lafiyar jiki haka suke, zubi kaɗan-kaɗan suke so kullum. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ƙara wa iyaye lafiya, amin.